Bishiyoyi Bakwai na Saman Marmaro

Laraba, 5 ga Yuli

Mai motar ya ce ni zan kai 'yan yawon daji Ain Draham gobe, kwana uku. Shekara goma sha biyu ina zille wa hanyar nan, yau direban da ke zuwa ya karya ƙafa. Na tambayi wanda zai shiga da su cikin gandun. Wai wani dattijo, Balgasim. Wani dattijo. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya.

Matata Mbarka tana ninke min kaya tana cewa zumunta a ƙafa take. Na ce mata tawa ƙafar a kan totur take.

Zan je. Bana ne za a sake saɓule ɓawon itacen farnan, wanda ake yin murfin kwalba da shi, a gangaren marmaro, shekara goma sha biyu cif tun wancan. Bishiyoyi bakwai ɗin da aka ce gatarina ya raunata suna nan. Layina ƙasan dutse ne, su kuwa a sama suke, layin Ammar ƙanin matar Yaya. Yaya Balgasim yana shugaban masu sara, ya kore ni a gaban mutum ashirin don ya rufa wa surukinsa asiri. Zan kai shi gindinsu, sai ya faɗi gaskiya da bakinsa.

Alhamis, 6 ga Yuli

Mutum goma sha shida daga Tunis, kowa da sanduna biyu kamar wanda ya tashi daga jinya. Takalmin ɗayansu ya isa sayen rago. Tun daga Beja suke "Kawu Munsif, tsaya mu ɗauki hoto." Hoton me? Saniya.

Akwai wata Dakta Durra, likitar fiɗa ce da ta yi ritaya, bakinta bai yi ritaya ba. Mene ne wannan, me ya sa wancan. Ta ce ta ji ni ɗan yankin ne, lallai na yi sa'a da na tashi cikin wannan ni'ima. Ni'ima. Ta zo a watan Janairu ta ga ni'ima tana yoyo ta rufin ɗaki.

Yaya Balgasim yana jiranmu a ƙofar gandu. Ya rame, yana ɗingisa ƙafar dama. Ya ce, "Munsif, ka zo lafiya?" Na ce, "Lafiya." Na shiga duba tayar da ba abin da ya same ta.

Juma'a, 7 ga Yuli

Yau na bi su, ni da ban taɓa barin mota ba. Awa huɗu muna hawa. Sun zo ganin barewa mai rassan ƙaho, suna tafe suna surutu kamar kasuwar Jendouba. Ko barewar kurma ce ai ta gudu. Abin da suka samu kashin aladen daji ne, shi ma sai da suka zagaye shi da waya.

Yaya kuma ya zama malami. Yana nuna musu ganyen da ake dafawa don ciwon ciki, yana hana wani mai gemu kunna taba. Suna ta "Kawu Balgasim" kamar su suka haife shi. Da a ce sun ga fuskarsa ranar da ya ce min, "Ajiye gatarin ka sauka."

Mun tarar da masu sara wajen azahar. Yara ne, rabinsu ban san ubanninsu ba, riƙon gatarinsu kamar na mai faskare. Bishiyoyin da suka gama suna tsaye jajur daga ƙugu zuwa ƙasa. Warin ɗanyen ɓawo ya bugi hancina, sai da na juya baya. Haushi na ji, ba wani abu ba.

Sai shehili ta taso, iskar nan mai zafi daga kudu. Yaran suka rataye gatura. Dakta ta tambayi dalili, Yaya ya ce in wannan iska na kaɗawa ɓawo kan manne wa uwar, wato fatar ciki. Wanda ya matsa masa dole zai yago ta, kuma inda aka yage ɓawo ba ya sake fitowa daidai har abada. Bai dube ni ba.

Ranar ma an yi shehili. To, sai me? Ammar ma iskar ta kaɗa shi.

Juma'a, bayan la'asar

Ya aiko min burodin tabuna, irin na tanderu, da man zaitun daga gidansa. Na ba karen mai gadi. Man na ajiye, ba laifinsa.

Asabar, 8 ga Yuli

Ni na ce a bi ta marmaro. Ya ce hanyar da tsayi, akwai masu rauni a cikinsu. Na ce a gaban kowa, "Ko akwai abin da ba a so a gani ne, Yaya?" Ya dube ni, ya juya ya kama hanyar.

Mun isa da hantsi. Ga dutsen, ga marmaron, ga su a sama. A sama, kamar yadda na faɗa wa Mbarka sau dubu. Biyu sun mutu, kututture kawai. Biyar na tsaye, an saɓule ɓawon duk na kewaye an bar su da nasu, kowace da tabo dogo baƙi a jiki. Na tanadi maganata tun shekarar da aka haifi autata, na buɗe baki ke nan Dakta ta riga ni.

Ta sa yatsa tana bin tabon. Ta je ta biyu, ta uku. Ta ce, "Kai, abin sha'awa. Duk saran da muka gani jiya ta can yake karkata, wannan ta nan. Shekara talatin ina ɗinke yanka. Wanda ya yi wannan bahago ne."

Mutum ashirin muke a wancan aikin. Bahago ɗaya ne.

Na tura hannuna aljihu, kamar yaron da ya saci sukari.

Abin ya dawo min a tsaye a wurin. Na gama layina tun kafin rana ta take, na ga Ammar yana jan jiki, na haura dutsen ina yi masa dariya. Na ce bari in nuna masa yadda maza ke yi. Iskar ta riga ta taso. Ɓawon ya ƙi, na danna ƙotar gatari na banƙare. Ta yaya mutum zai manta abu irin wannan? Wallahi ban yi ƙarya ba duk shekarun nan, na yarda da abin da nake faɗa. Wannan ya fi ƙaryar muni.

Ta tambayi Yaya ko ya san mutumin. Na jira. Ga dama ta samu, ga 'yan kallo goma sha shida da wayoyinsu. Ya ce, "Na san shi. Duk dajin nan ba mai hannunsa. Rana ɗaya ce ta zo masa da iska." Sai ya ce su zo su sha ruwan marmaro tun da sanyinsa.

Na tsani matar nan. Na tsani sandunanta. Shi ma da ya zage ni ya fi min sauƙi.

Lahadi, 9 ga Yuli

Ban fito karin kumallo ba.

Ina ɗora jakunkuna ya zo ya tsaya a gefen mota. Ya ce shekara uku ya yi yana shafa wa tabon yumɓu, biyun dai suka ƙi. Ya ce biyar ɗin nan bai bar yaran sun taɓa su ba, don ɓawon da ya kewaye tabo sai mai haƙuri, shi kuma gwiwa ta hana shi hawa tsani. In watan Agusta ya yi nisa ɓawo zai kame, shi ke nan sai wata shekarar, in ana raye.

Na ce, "Ni direba ne." Ya ce, "Na sani."

Na ce ko kuskure na yi, ba a gaban mutane ake korar ɗan'uwa ba. Ya ce, "Wannan kam nawa ne."

Hanya ba wanda na tsaya wa hoto. Dakta ta ce yau Kawu Munsif ba ya magana. Da jiya ita ta yi hakan.

Litinin, 10 ga Yuli

Ina share mota na ga buhu a ƙarƙashin kujerata. Gatarina ne. Ba tsatsa ko ɗigo, ƙotar tana ƙamshin man zaitun. Shekara goma sha biyu. Mutum da ciwon gwiwa bai da aikin yi sai shafa wa gatarin wani mai.

Na jefa shi bayan ƙofa.

Alhamis, 13 ga Yuli

Mbarka ta ce in ba zan yi amfani da abin nan ba in ɗauke shi daga hanya, tana tuntuɓe. Na mayar da shi ƙarƙashin gado. Ta ce Najwa 'yar Yaya, wadda na ƙi zuwa bikinta, ɗanta ya shekara huɗu. Ban tambaye ta ba.

Talata, 18 ga Yuli

Na karɓi hutun kwana huɗu. Na ce wa mai motar bayana ke ciwo, kuma yana ciwon, ba ƙarya na yi ba. Iskar dutse na da amfani ga baya, Dakta ma ta faɗa.

Ban yafe maganar mutum ashirin ɗin nan ba, kada wani ya ɗauka. Bishiyoyin ne ba su yi min komai ba.

Na saurari rediyo, wai ba shehili har Lahadi. Mbarka ta ga ina wasa gatari a tsakar gida, ta wuce, sai ga ta da ƙullin maganin gwiwa ta tura cikin jakata. Na gani. Ban cire ba.