Tubalin Mutanen Baba Ardo

Talata, bayan sallar isha'i.

Na dawo daga rugar da ke bayan Ceberu, jikina duk ya mutu. Ni sashen ilimi ya tura in gaya musu cewa makarantar da za a gina musu ba ta shiga tsarin bana ba, an kai ta Maruda. Kuma gaskiya Maruda ta cika da yara, ban ga laifin ƙaramar hukuma ba. Amma ni na je bara na ce su tanadi fili.

Ashe ba fili kaɗai suka tanada ba. Na tarar sun share gonar Baba Ardo, dattijon rugar, sun buga tubali sun jera har ya kai ƙirjina. Mata ne suka yi ta ɗebo ruwan kwaɓin tun daga fadama.

A gaban tubalin na faɗi saƙon. Na so a ce wani ya zage ni, da na fi samun sauƙi. Baba Ardo ya daɗe yana kallon tubalin, sannan ya ce, "Ba laihinka ba na, ɗana. Aiko ka anka yi. Sai dai ka taimaka muna da leda mu ruhe shi, kada ruwan damina ya cinye kahin baɗi."

Ko tambayata bai yi ba ko baɗin tabbas ne. Da zan hau babur ma sai da ya sa aka ɗaura mini zabuwa.

Gobe tun kafin shugaban ƙaramar hukuma ya iso zan zauna a ƙofar ofishinsa. Ledar kuwa, ni zan saya.