Mun fita da Baba a motar kwana

Assalamu alaiki Umma,

Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda kika koya mana, ina fatan kina cikin ni'imar Ubangiji. 'Yarki Hadiza ce, daga Abbey Wood. Labarin Baba na kawo miki.

Tun da muka dawo daga maƙabarta bai ƙara sauka daga flat ɗinku na Lewisham ba, sai ranar Juma'a, ita ma sai ɗanki Nura ya je ya ɗauko shi. Mutumin da kika san ya ƙarar da ƙarfinsa yana tuƙa bas a titunan London, ya koma zaman kujera yana kallon bango. Sukarinsa ya hau, ƙafarsa ta fara kumbura, likita ya ce dole ya riƙa motsawa. Muka so mu fita da shi shan iska, ya ƙi zancen otal, ya ƙi zancen jirgi. Nura ne ya kawo shawarar mu yi hayar motar da ake kwana a ciki. Da muka gaya masa cewa duba motoci kawai za mu je, sai ya ɗauki hularsa.

Ashe iri-iri ne, Umma. Wadda aka fara nuna mana sunanta caravan, ɗaki ne a kan taya, ba inji, sai an ɗaura shi a bayan mota an ja. 'Yar motarmu ba za ta iya ba. Akwai wata kamar akwati, idan an buɗe ta sai ta zama tanti. Baba ya leƙa ya ce shi ya gama kwanan tanti tun a Mina.

Campervan kuwa kamar ƙaramar bas ɗin haya ce, rufinta yana ɗagawa ya zama gado. Yarana sun so ta. Amma hawa ake yi, kuma ba banɗaki, kin san gwiwarsa da yawan alwalarsa.

Ta ƙarshe, motorhome, ita ce babbarsu. Gado a baya, ɗan teburi, murhun gas, firji, da banɗakin da ko juyawa mutum ba ya yi sosai. Baba ya zagaya ta, ya daddanna tayoyin da ƙafa, ya hau kujerar direba ya gyara madubi. Ya daɗe bai sauko ba. A nan take na yi booking.

Kent muka nufa, wani fili kusa da teku. Na yi dambun nama da yaji yadda kike yi mana na tafiya. Bai kai naki ba, kuma Baba bai ɓoye mini ba.

Kusa da mu akwai wani tsohon Bature shi kaɗai a campervan ɗinsa, da kujerun zama biyu a waje. Matarsa ta rasu, amma bai daina fito da kujerarta ba. Washegari da hantsi ya yafito Baba, ya ba shi ita.

Ina wanke kofuna ta taga na ji su. Umma, kin san a gabanmu “uwarku” kawai yake cewa, tun da muka taso. Ranar na ji ya faɗi sunanki, Rabi, ya sake faɗa. Ya ba shi labarin zuwanki ƙasar nan cikin sanyi da takalmin silifa, da yadda kike jiransa da shayi a fulas idan ya taso daga aiki. Har dariya ya yi. Na rufe famfo na zauna a bakin gado har suka gama.

Da la'asar su biyu suka taka har bakin ruwa suka dawo, Baba ko sandar dogarawa bai riƙe ba.

Bai warke duka ba, ba zan ce miki ya warke ba. Amma yanzu da kansa yake sauka kasuwa ya sayo attaruhu da doya, kuma jiya ya kira ni yana tambayar yadda kike haɗa miyar kuka. Na gaya masa abin da na riƙe. Sauran ke kaɗai kika sani.

Allah ya jiƙanki, Ummata, ya haskaka makwancinki, ya yalwata shi. Ya ba Baba lafiya da haƙurin rashinki, ya haɗa ku a Aljanna Firdausi, mu ma ya sa mu tarar da ku. Amin.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza