Tuffar Gayyatar Kum

Zuwa ga ƙanwata Zagorka,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya ke da maigidan. Kin dai ji an kama kum Svetozar, ubanmu na baftisma, kan maganar 'yar Budimir makanike, yarinyar nan mai shekara takwas. Lauya ya ce da sabuwar dokar da aka tsananta kan masu taɓa yara, a kurkuku zai mutu. Tsoho ɗan saba'in da takwas fa, Zagorka! Shi ya riƙe mu a coci ranar baftisma, ya raɗa mana suna, ya raɗa wa 'yata Danica. Gidanmu bai taɓa juya wa kum baya ba. Ga takardar shaidar halin kirki, gida talatin sun sa hannu. Ki sa naki, ki maido kafin bikin waliyyin gidanmu.

Ki huta lafiya. Yayanki, Dragoljub

Yaya Dragoljub,

Ina amsawa. Ga takardarka nan na maido, sai da na wanke hannu bayan na taɓa ta. Gida talatin! Ko kunya ba ku ji ba? Wa ya taka a cikinku ya yi wa Budimir jaje?

Ka tuna ni ake aikawa wurin kum da tuffa duk shekara bisa al'ada, in gayyato shi biki. Ina da shekara tara na ce ba zan ƙara zuwa ba. Na gaya wa Mama dalili a ɗakin girki. Ta sharara mini mari, wai ba a faɗar haka a kan kum. Ranar biki shi ya yanka burodi, kowa ya sumbaci hannunsa, har da ni. Shekara arba'in ke nan, ƙanshin tuffa amai yake sa ni.

Ku da kuke kukan doka ta yi tsanani, ni haushin makararta nake ji. Ranar Litinin zan je wurin mai gabatar da ƙara. Tambaya ɗaya, Yaya: da ka gaji gidan, wa kake aikawa da tuffar?

Ka gaishe da Danica. Ƙanwarka, Zagorka

Zagorka,

Na karanta wasiƙarki da ƙarfi muna cin abinci, don Danica ta ji irin rashin kunyarki. Ta ajiye cokali, ta tashi ta haɗa jakarta. Tana cikin motar safiyar Litinin, ki tarbe ta a tasha, ku tafi wurin mai gabatar da ƙarar tare.

Takardar tana cikin murhu.

Shekara shida ina aiken Danica wurin kum, Zagorka. Ni da hannuna nake goge tuffar in miƙa mata.

Dragoljub