Ɗigo da Tauraro Sun Haɗiye Gargaɗin Likita

Maigidana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya. Yaya kwas ɗin naku, yaya ciwon bayan nan? Yara suna nan ƙalau. Auta ta fara haƙori, kowa ta samu sai ta ciza.

Ranar Talata na kusa yin ɓarna a asibitinmu. An ce in share tsofaffin lambobin da ke cikin baka biyu a bayanan marasa lafiya, layi dubu tara. Na rubuta wa kwamfuta umarnin nema da sauyawa: buɗe baka, ɗigo, tauraro, rufe baka, wato ta goge duk abin da ke tsakani. Na duba layukan farko, tsaf. Na tafi cin abinci ina jin kaina.

Ka tuna abokiyar aikina da muke tsokana da Kunkuru, don ba ta sakin aiki sai ta gwada sau uku? Ita ta lura wasu layuka sun gajarce fiye da kima. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera kusa da ni, ta buɗe kwafin da ta adana da safe, abin da ni ko tunawa ban yi ba, ta jera tsoho da sabo. Ashe tauraron nan haɗama gare shi. In layi na da lamba biyu, daga bakan farko yake kamawa har na ƙarshe. A tsakiyar nan kuwa likitoci ke rubuta maganin da jikin mutum ba ya karɓa.

Ita kuwa alamar tambaya ɗaya ta ƙara bayan tauraron, don ya tsaya a rufin baka na farko. Ta gwada a layi goma, ta sa na karanta da bakina, sannan muka gyara layi ɗari biyu da shida da suka lalace.

Ni na ɗauka an gama. Ita sai ta tambayi katin wa aka buga daga bayanan nan tun tsakar rana. Mutum huɗu. Ta bi su da ƙafa, ta iske wata tsohuwa a bencin ɗakin allura, saura mutum ɗaya a gabanta, katinta babu gargaɗi. Ta sa aka sake buga mata katin kafin a kira ta.

Da shugabanmu ya tambaya, cewa ta yi mun ga matsala mun gyara. Washegari na je na faɗa masa aikin wa ne ɓarnar, aikin wa ne gyaran. Na kuma roƙa a matso da teburina kusa da nata.

Ka kula da kanka, ka dawo mana lafiya.

Taka,
Maman Auta