Mongol a Bakin Ƙofa

Zuwa ga Maman 'Yan Biyu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jikin Inna? Ƙafar ta fara taka ƙasa kuwa, ko har yanzu sai an tallafe ta? Allah ya ƙara sauƙi, ke kuma ya ba ki ladan jinya. Yaya 'yan biyu da ƙiriniya? Ni lafiyata ƙalau, in ban da kaina, shi ma zan zo kansa.

Ga wasiƙar da kika ce. Kin hana ni cika ki da daɗin baki a waya, kin ce in zauna in rubuta don hannuna ya tuna biro kafin jarrabawar neman aikin gwamnati. To ya tuna, amma yana ciwo. Tun da na bar sakandare ban rubuta abin da ya wuce lambar waya a bayan kwali ba.

Na fara zuwa lesin. Aji ne a saman wani shagon ɗinki, fanka ɗaya, bencin yara. Duk ajin na girme su, har wata ta ce mini Baba, ta tashi ta ba ni wurinta kusa da taga. Wurin na karɓa, sunan ban karɓa ba. Malamin ya sake tuna mini abin da kika sani: bana ce damata ta ƙarshe, baɗi shekaruna sun haura waɗanda gwamnati ke ɗauka aiki. In na faɗi, shi ke nan, ni da sayar da jakunkuna sai tsufa.

Lissafi bai ba ni tsoro ba, wanda ya yi ciniki da matan kasuwa ya gama lissafi. Abin da ya tsaya mini a wuya biyu ne, tarihin tsakiyar zamanai da al'amuran yau da kullum. Na tambayi malamin, wai mutumin da zai zauna a ofis yana buga hatimi, me ya haɗa shi da wanda ya ƙona Bagadaza? Ya ce maki ashirin ne suka haɗa su. A gwajin farko ya tambayi shekarar da birnin ya faɗi, na rubuta 1250. Ya ce 1258 ne. Na ce haba malam, takwas ce fa tsakani, a bar mini mana. Ya ce ba a ragi a tarihi. Ni da kasuwa kaf ke kira Ba Ragi, ni aka gaya wa haka a gaban yara.

Amma kin san mijinki, na samo dabara. Littafi ba ya zama a kaina, layinmu na kasuwa kuwa ko idona a rufe zan bi shi ban taka tabarmar kowa ba. Sai na raba wa maƙwabta dauloli, daga ƙofa zuwa famfo. Mai Turare na bakin ƙofa shi ne Umayyawa, don shi ya fara zuwa kuma yana ji da kansa. Malam Mai Littattafai shi ne Abbasiyawa, kin tuna yadda ya zo ya karɓe rabin rumfar Mai Turare, haka su ma suka karɓe mulki a 750, ga shi kuma an ce Bagadaza garin littattafai ce. Mahauci na kusa da shi Mongol ne, kullum ruwan wankin teburinsa sai ya gangaro ya jiƙa wa Malam kaya, ga 1258 ta zauna daram. Hajiya Mai Gwal ita ce Mali, wadda sarkinta ya tafi hajji a 1324 yana rabon zinariya a hanya, kodayake tata zinariyar ruwan gwal ne kawai aka shafa. Na ƙarshe Mai Katifa, mai gyangyaɗi a kan hajarsa, shi ne Songhai, da sojojin Maroko suka zo wa da bindigogi a 1591.

Ministoci kuwa na ɗora su a kan masu turin baro, tunda su ma ba sa zama wuri ɗaya. Wannan ɓangaren bai nuna ba tukuna. Amma a gwaji na biyu na cinye tarihi, har yarinyar da ta ce mini Baba tana leƙen takardata.

Ki gaishe da Inna da kyau. Direba zai ba ki jakunkunan makaranta na yara, kada su buɗe sai an koma.

Mijinki,
Ba Ragi


Maman 'Yan Biyu,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗi da kika ce Inna ta taka da sanda har bakin ƙofa, Allah ya ƙaro lafiya. Ke kuma yaya bayanki da ɗawainiya? Ki riƙa hutawa don Allah.

Ni dai an rushe mini tarihi. Ba wasa nake ba. Hukumar kasuwa ta zo gyaran magudanar ruwa, suka tashi layinmu gaba ɗaya, suka mai da mu sabuwar rumfa ta bayan tasha. Kuma ba su jera mu yadda muke ba, ƙuri'a aka jefa a cikin hula. Yanzu Mahauci ne a bakin ƙofa, Mai Katifa na bi masa, sai Mai Turare, sai ni, sai Hajiya, Malam kuma an jefa shi can lungu kusa da banɗaki.

Da farko ban ɗauka komai ba ne. Sai da muka yi gwaji na uku aka ce a jera dauloli, na rufe ido na shiga kasuwa kamar yadda na saba, na ci karo da Mahauci yana wasa wuƙa. Na rubuta Mongol a farko. A takardata sun ƙona Bagadaza tun ba a gina ta ba, Songhai ta faɗi kafin a haifi kakan kakanta. Malamin ya daɗe yana duban takardar, ya tambaye ni ko lafiya a gida.

Na ce to bari in koma tsohon layin in riƙa bi da ƙafa. Na je na tarar da rami, da tulin yashi, da wani lebura yana cin abinci a daidai inda Abbasiyawa suke. Na tsaya ina nuna iska da yatsa ina magana ni kaɗai, har mai gadi ya zo ya tambaye ni ko wani abu na yar.

Abin bai tsaya nan ba. Bakina ya suɓuce na ce wa Mahauci, Mongol miƙo mini tsintsiya. Ya ajiye wuƙa ya ce in maimaita. Dole na fasa kwai, na yi musu bayani duka. Shi da ya ji mutanensa sun ci rabin duniya a kan doki sai ya hau washe baki, yanzu in ba Mongol ka ce ba ba ya amsawa. Hajiya ta ce dama ta san jininta ba na talakawa ba ne. Mai Katifa kuwa ya yi fushi, wai don me shi ne wanda aka ci da yaƙi yana barci, ya ce ko dai in canza masa daula ko in daina aron kujerarsa. Na ce ai duk cikinku babu wanda bai faɗi ba, kowa da shekararsa. Wannan ya ɓata wa sauran rai.

Kamar hakan bai isa ba, rediyo ta ce an yi wa ministoci garambawul. Na lafiya ya koma sufuri, na sufuri ya koma gona, na gona ya koma gida. Masu barona duk sun cakuɗe. Jiya mai baron lemo ya wuce, na bi shi da ido ina ƙoƙarin tuna ko shi ne ilimi ko shi ne ruwa, har mai ciniki ya gaji ya ajiye jaka ya tafi.

Maman yara, ban san inda na dosa ba. Da ina ganin kaina wayayye. Yanzu in na kwanta kasuwa biyu nake gani, ɗaya a kan ɗaya, kowa na ihu daga rumfar da ba tasa ba. Ki sa Inna ta yi mini addu'a, bakinta ya fi nawa tsarki.

Naki,
Baban 'Yan Biyu


Matata,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da yara. Na ga saƙonki na cewa in kwantar da hankali in ci abinci. Abincin dai na ci.

An yi jarrabawa. Amma bari in fara da abin da ya faru ana gobe, don ki san da wane irin kai na shiga.

Hajiya ce ta tausaya mini. Ta tara su da hantsi, ta ce tunda mu muka zama littafin bawan Allahn nan, mu je tsohon layi mu jera masa sau ɗaya ya gani da idonsa. Wallahi sai da ƙwalla ta zo mini. Kowa ya bar rumfarsa, muka tafi bakin ramin nan.

Ai ko minti ɗaya ba su yi a jere ba. Hajiya da kanta ta ce ba za ta tsaya bayan Mahauci ba, ƙarni yake, ta zagaya gaba. Mai Turare ya ce shi ba zai haɗa kafaɗa da Malam ba, maganar rabin rumfa ta dawo sabuwa fil, har yana cewa Malam ya karɓe masa mulki, ga shaida a littafi. Malam ya ce littafin ma a wurinsa aka saya. Mahauci ya ce tunda shi ya ci kowa, gaba ce wurinsa. Mai Katifa ya samu buhun siminti ya zauna, kafin a ankara ya fara gyangyaɗi a tsakiyar layi. Leburori suka ajiye shebur suna kallo. Na yi musu godiya, na koma gida da kasuwa uku a kaina maimakon biyu.

Zauren jarrabawar babba ne, tebur bayan tebur, agogo a bango, mai sa ido da takalmi mai ƙara. Na yi lissafi ba gardama. Na zo kan ministoci na yi ta cike-cike, wanda na tuna na rubuta, wanda ban tuna ba na ba shi gona. Sai ga tarihi, kuma tambayar farko ita ce a jera daulolin nan biyar, sauran tambayoyin duk shekaru ne da ke rataye a jikinta.

Na rufe ido. Mahauci a ƙofa. Na ce a'a. Na sake rufewa, Hajiya a gaba tana toshe hanci. Na sake, sai rami da yashi. Gumi ya jiƙa mini riga, biro na zamewa. Na ce shi ke nan, Ba Ragi, jakunkuna sun kira ka.

Ban san yadda aka yi ba, sai na gan ki. Kin shigo ta tsohuwar ƙofa da kular abincina a hannu, da mayafin nan naki ruwan toka. Kin tsaya wurin Mai Turare kin miƙa bayan hannu ya ɗiga miki na gwaji, wanda ba ki taɓa saya ba. Kin rusuna kin gaida Malam. Kin ɗaga gefen zani kin tsallake ruwan Mahauci da sauri. Sai kika tsaya wurin Hajiya, kika daɗe, kina juya sarƙar nan mai ƙananan ganye, kika mayar kika ce kallo kawai kike. Daga nan kika wuce wurin Mai Katifa kika ce a tashi haka, rana ta yi. Ni dai ina bayanki ina rubutawa. Ko sau ɗaya ba ki ɓata hanya ba.

Da na buɗe ido mai sa ido na tsaye a kaina, yana duba ƙarƙashin teburina, wai murmushin me nake yi. Na buɗe masa tafin hannu biyu. Me zan ce masa, matata ce ta ba ni amsa?

Ban sani ba ko na ci. Tarihi na yi, ministoci sun kashe ni, sauran yana hannun Allah. Abin da ya fi ɗaure mini kai, shekara da shekaru kina tsayawa wurin sarƙar nan ina kallonki daga rumfata, ban taɓa lura na lura ba sai a zauren jarrabawa.

Ki shafa mini kan yara.

Mijinki


Maman 'Yan Biyu,

Gaisuwa a gurguje, direba na jira yana danna mini oda. Yaya Inna? An ce har ta ajiye sanda, alhamdu lillahi.

Sakamako ya fito, saƙo ya shigo waya ina tsakiyar ciniki. Na ci. Da ƙyar, a daidai bakin layi, ko maki ɗaya ban yi rara ba, su ma ashe ba sa ragi kuma ba sa gyara. Na karanta na ba Malam ya karanta, na ba Hajiya ta sa tabarau, don ban yarda da idona ba. Mahauci ya ɗaga ni sama da hannunsa na aiki, rigar sai wanki. Mai Katifa ya farka ya tambayi wa aka ci kuma.

Har yanzu ban gane ba ko murna nake ko tsoro. Mutumin da bai taɓa zama awa ɗaya bai yi ciniki ba, wai shi za a ba tebur da hatimi. Kuma jiya aka sake canza ministan da zan yi aiki a ƙarƙashinsa, ban ma san ko wane baro ne ba.

Ki buɗe ƙaramin ƙunshin da ke cikin ambulan ke kaɗai. Daga daular Mali yake. Ruwan gwal ne, kin sani na sani, kada ki sa shi in za ki yi wanki. Na nemi ragi, Hajiya ta ce in ji kunya.

Ki dawo haka nan, gidan ya yi mini faɗi. In kin zo kasuwa kada ki nufi tsohon layi, rami ne. Ki zagayo ta bayan tasha, kuma ki ɗaga zaninki tun daga waje, Mongol ne a bakin ƙofa.

Naki har kullum,
Ba Ragi