Rodin da Aka Yanke

Assalamu alaikum, Yaya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da jaririya. Allah ya raya mana ita, ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikinka. Mu nan da sauƙi. Ƙafar Inna ta daina kumburi, Auta ya shiga aji uku, kuma har yanzu da hagu yake rubutu. Idon Baba yana nan yadda ka bari, haske da duhu kawai yake rarrabewa. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san ban yi nisa a karatu ba. Na zaɓi takarda ne domin in na riƙe waya bakina ba ya buɗewa, ga Baba a kusa, shi kuwa kullum ce maka yake komai lafiya.

Yaya, ba lafiya ba. Ɗakuna biyun da aka gina don ka dawo da Anti gida ba su da rufi yanzu.

Ka tuna da magini ya gama, Baba ya ce ba wanda zai ɗora katakon rufin sai mutumin nan da ya koyi aikin kafinta a shagonsa tun kana ƙarami. Yanzu babban ɗan kwangila ne, yana rufin gidaje da shagunan kasuwa, kowa Injiniya yake ce masa. Inna ta ce ita dai ta san shi lokacin da ko ƙusa bai iya miƙewa ba, injiniyancin a hular kwano ya tsaya. Amma da ya zo ya durƙusa har ƙasa, ya kira Baba maigida, ya ce zai yi aikin kamar gidan mahaifinsa. Rabon da in ga Baba yana murna haka tun kafin idonsa ya tafi. Kullum da safe sai ya sa hula, in kai masa benci gindin katanga, ya zauna yana sauraron guduma, ni kuma ina faɗa masa abin da na gani. Ya koya mini abu ɗaya ya maimaita har na haddace. Ya ce rodin da magini ya bari a tsaye saman bango ba mantuwa ba ne, shi ake lanƙwasawa a kan katako ya rungume shi. Ƙusa katako take haɗawa da katako, amma rodi ne yake riƙe rufi da gida.

A rana ta uku Injiniya bai zo da safe ba, yana wajen wasu shaguna da yake rufewa. Ma'aikatansa suka ga rodin bai zo daidai da inda suka shimfiɗa katako ba. Maimakon su gyara katakon, sai suka sa zarto suka yanke rodin ɗaya bayan ɗaya. Ina shanya a tsakar gida, na gani da idona, har na tsinci guntu ɗaya da ya faɗo kusa da bokiti. Da azahar Injiniya ya iso cikin fararen kaya, ya ɗaga kai daga ƙasa ya duba, bai ko taɓa tsani ba. A gabansa, a gaban maza shida, Baba ya tambaye ni ko an lanƙwasa rodin. Duk suka juyo suna kallona. Ɗaya ya ce a yi hankali, ga mai duba aiki gwamnati ta turo, sauran suka kwashe da dariya. Yaya, ka san ni. Na sunkuyar da kai na ce an yi. Washegari aka buga kwano, ya rufe komai. Sau nawa na zo zan faɗa wa Baba, sai in ji yana ba maƙwabta labarin yaronsa da ya zama mutum, sai in koma.

Ruwan farko ya zo da iska bayan la'asar. Rufin ya ɗago gaba ɗaya kamar murfin tukunya, ya tsallake katanga ya faɗa filin bayan gida. Allah ya tsare ba kowa a wurin. Kwanon ya nannaɗe, katakon ya kakkarye, abin da ya saura bai fi na hura wuta ba.

Sai bayan kwana huɗu Injiniya ya zo. Ya ce iska ta Allah ce, ko allon shagonsa ta ɗauke. Ya ce gyaran sai an fasa saman bangon an sake zuba siminti da sabon rodi, wannan kuwa ba aikin damina ba ne, ga shaguna goma sha biyu suna jiransa. Tun ranar wayarsa ba ta shiga. Inna ta nemo wani kafinta, ya hau ya duba, ya sauko ya gaishe da Baba, ya ce shi ba ya shiga aikin da wani ya fara, balle na yaron maigida. Mun ɗaura tamfol, iska ta yage shi. Bulon yana ta shan ruwa, kuma bangon da ke wajen taga ya tsage har yatsana yana shiga. Magini ya ce in aka yi manyan ruwa biyu ko uku bai ɗauki alkawarin komai ba.

Shekaranjiya da safe na kasa daurewa. Na sa guntun rodin a hannun Baba na faɗa masa duka. Ya daɗe yana shafa bakin yankan da babban yatsa. Na zaci zai yi faɗa, da ma ya yi. Sai ya ce ai ya sani. Ya ce shekara arba'in yana aikin nan, ba zai kasa bambanta kukan zarto a kan ƙarfe da kukansa a kan katako ba. Ya tambaye ni ne don maganar ta fito daga bakina, domin shi ya ji nauyin ya kunyata yaronsa a gaban ma'aikata, a ce makaho yana gyara wa mai ido aiki. Ya ce laifinsa ne da ya ɗora mini kayan da shi ya kasa ɗauka. Ya sa rodin a aljihu ya shiga ɗaki. Bai sake cewa in fito masa da benci ba, kuma bai sake tambayata abin da na gani ba.

Ban san abin da zan roƙe ka ba, Yaya. Kawai kada ka taso da Anti da jaririya a watan da ka ce, ko da Baba ya ce ku taho. Inna ta ninke labulen da ta ɗinka muku ta mayar akwati. Don Allah kada ka nuna wa Baba na rubuto.

Inna tana gaishe ku, Auta ya ce a tuna masa da takalmin ƙwallo. Ka gaishe da Anti da mahaifiyarta, da Kawu in kun haɗu. Ka sumbaci jaririya, ka ce mata gwaggonta tana share ɗakinta kowace safiya, ko da yake yanzu ruwa nake sharewa.

Ƙanwarka,
'Yar shiru-shirun Baba