Teburin Ƙusa

Asabar, 8 ga Yuli

Injin ya iso. Kwana biyu ana jan sa zuwa sashenmu na yankan yadi a masana'antar riguna, har bango sai da suka fasa. An ce shi kaɗai yana yanka abin da mutum goma sha biyar ke yankawa. Mu ashirin da biyu ne. Ko wanda bai yi makaranta ba ya iya wannan lissafin.

Dulal ya zagaya shi sau biyu yana tauna ganyen pan, ya ce min, "Mokbul bhai, ɗan'uwa, gaishe da angon mana. Shi ba ya zawo, ba ya zuwa jana'izar kakarsa sau uku a shekara." Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Shekara goma sha tara ni da Dulal muna tebur ɗaya.

Talata, 11 ga Yuli

Sabon injiniya, Rashedul, ya tara mu. Matashi ne mai ladabi, Ustad yake kira na, wato gwanin sana'a, kuma ladabin ne ya fi ba ni haushi. Ya ce ƙarshen Agusta za a liƙa sunayen waɗanda za su zauna. Bai faɗi mutum nawa ba.

Ya sa an fitar da teburin ƙusa zuwa rumfar baya inda ake tara tarkace. A kansa muke shimfiɗa yadi mai zanen gida-gida, muna soka kowace shimfiɗa a kan ƙusoshi, layi kan layi, don aljihu da gaban riga su haɗu daidai. Na ce, "Sar, ranar da yadi mai gida-gida ya zo fa?" Ya ce injin zai bar rara a gefen kowane yanki, a gyara daga baya. Wai gara a yi asarar yadi kaɗan da a riƙe hannaye da yawa.

Lahadi, 16 ga Yuli

Farin yadi, riga dubu huɗu kafin azahar. Na duba bakin yankan ina neman aibi. Babu. Allah ya isa.

Alhamis, 20 ga Yuli

Ruwa tun asuba, titin Konabari ya zama kogi, na isa da takalmi a hannu. Ban gaya wa matata Lutfa zancen sunaye ba, amma matar nan ba a ɓoye mata komai. Ta ce, "Baban Tumpa, kwana nawa kana barin kan kifi a kwano. Korar ku za a yi?" Na ce zafi ne. Ta ce, "Zafi a wannan ruwan?" Tumpa saura mata shekara ɗaya ta gama kwaleji. Mai shekara arba'in da bakwai, wa zai ɗauka a Gazipur?

Litinin, 24 ga Yuli

Mai gida-gida ya zo! Ja da shuɗi, riga dubu goma sha biyu na wasu 'yan Turai. Su suka aiko yadin da kansu daga China, a aune, ba ƙari. Na warware bandir ɗaya na ga layin ya ɗan karkace, yana gangarowa daga wannan baki zuwa wancan kamar faɗin yatsa. Na buɗe baki zan yi magana, sai na tuna ba a tambaye ni ba. Na rufe.

Ba kyau, na sani.

Talata, 25 ga Yuli

Injin ya yanka ɗari uku na gwaji, aka ɗinka ashirin. Farzana, da muke kira apa don girmamawa, mai duba kaya a madadin masu saye, ta ɗauki ɗaya ta ɓalla maɓallai ta ɗaga sama. Layin dama yana sama, na hagu yana ƙasa, aljihu kuma ya kama gabansa. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Wannan ko surukina ba zan ba shi ba."

Rashedul ya ce zai ƙara rarar. Mai kula da sito ya ce in aka ƙara, yadin zai ƙare saura riga ɗari tara. A sake aikowa ta ruwa kwana arba'in ne, jirgin ruwanmu kuma zai bar tashar Chattogram ran sha huɗu ga wata. Manaja ya fito daga ofis, fuska kamar an mare shi.

Dulal ya raɗa min, "Ango ya ji kunya a daren farko."

Laraba, 26 ga Yuli

Rashedul da kansa ya same ni wajen shayi. Ya daɗe yana juya kofi kafin ya ce, "Ustad, teburin nan... yana nan kuwa?" Na ce ban sani ba, ko masu gwangwan sun kwashe. Ƙarya nake. Kullum sai na leƙa shi, ni na rufa masa leda.

Mu takwas muka ɗauko shi. Ƙusoshin sun yi tsatsa, muka goge da yashi da man kwakwa. Da na soka shimfiɗar farko, na ja gefen da ya karkace ya hau layi, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce ƙurar yadi ce.

Laraba, 2 ga Agusta

Mako guda ban rubuta komai ba, yatsuna duk huda. Shimfiɗa arba'in-arba'in muke yi, mu yanka da wuƙar lantarki a kan layi, ba rara ko ta farce. Farzana apa ta ɗaga riga yau, ta juya ta, ta sake juyawa, ta ce, "Wa ya yi wannan?" Aka nuna ni. Na cinye abincin rana tas, har na ɗebi barkonon Dulal.

Asabar, 12 ga Agusta

An rufe kwantena, har yadi ya yi saura bandir biyu. Manaja ya aiko da alewar mishti aka raba. Ya ce a gaban kowa yadi ya yi tsada yanzu, ba za a ƙara ciyar da injin da mai gida-gida ba: fari nasa, mai zane namu. Na ji kamar an sauke min buhun shinkafa daga ka.

Rashedul ya tambaye ni yana murmushi, "Ustad, teburin nan mutum nawa yake ci?" Kaina ya riga ya kumbura. Na ce, "Ni? Bar mu mu shida, in yi maka abin da goma ba za su yi ba."

Ya rubuta a ɗan littafinsa. Sai a keken rikisha, hanyar gida, na tuna ya rubuta.

Alhamis, 31 ga Agusta

An liƙa. Injin: takwas. Teburin ƙusa: shida. Sunana na farko. Na karanta shi sau uku, na zauna a kan bandir. Alhamdu lillahi. Na tsaya kasuwa na sayi kifin ilish babba.

Lutfa tana soya shi ta ce, "Dulal bhai fa?" Sai lokacin na tuna. Daga sunana ban karanta ƙasa ba.

Asabar, 2 ga Satumba

Dulal ba ya ciki. Mu takwas muka yi aikin nan, bakina ya mayar da mu shida.

Na je wurin Rashedul na ce shida ɗin cika baki ne, bakwai ne gaskiya. Ya ce takarda ta riga ta hau sama. Na tsaya ban tafi ba, ya gaji da ganina, ya ɗaga waya. An ba Dulal sashen guga. Ɗayan da aka cire daga teburin, Montu, ya ce dama ƙauye zai koma, ban sani ba ko gaskiya ne.

Dulal ya ce, "Shekara goma sha tara ina yanka riga, yanzu ni za a dafa a tururi. In ka sake yin alfahari, bhai, ka gaya min in nemi lema." Dariya ya yi, amma bai ba ni pan ba.

Litinin, 18 ga Satumba

Kwana huɗu ke nan Rashedul yana zaunar da ni gaban allon injin, ina jera masa yankunan riga. Wai idona ya fi na'urar sanin inda kwala za ta shige a ƙarƙashin hannu. Jiya na tsirar da kusan kamu ɗaya a kowace shimfiɗa. Akwai kujera mai taya, akwai sanyi. Bayana bai yi ciwo ba tun Alhamis. Ba wai ina son abin ba ne. Aiki ne aka sa ni.

Da la'asar na bi ta teburin ƙusa in ga yadda suke fama babu ni. Ba sa fama. Sun gama shimfiɗa arba'in kafin ƙararrawa, layi kan layi, su biyar.

Rashedul yana bayana, ya ce, "Yaya, Ustad, suna jin rashinka?"

Na ce sosai ma, da ƙyar suke kaiwa.